Kafin a Juya Kan Fongkham Gabas

Fongkham ta mutu da hantsi, ana sauke shinkafa daga kan murhu, kuma gawarta ko rabin tabarma ba ta cika ba. Matar da a ƙuruciyarta sai ta sunkuya kafin ta shiga ƙofar rumbu, ita ce ta koma kamar ƙunshin wanki. Mai haɗa akwatin gawa ya zo da igiyar awo, ya auna, ya sake aunawa, ya ce ko a kawo na yara, ai ya fi araha. Ƙanwarta Buakiang ta zari muciya ta bi shi har bakin tsani. Ba ta cim masa ba, don ita ma bayanta ya riga ya lanƙwashe, tafiyarta ta zama ta agwagwa.

Babu wanda bai san abin da ya kashe Fongkham ba a garinmu, faɗa ne ba kowa ke so ba. Can bisa dutse, wajen iyakar ƙasarmu da ƙasar Bama, akwai ramin da kamfani yake haƙar tutiya. Ruwan da ya wanko ramin shi ke gangarowa rafinmu, rafin ya shiga gonaki, shinkafar ta shiga cikinmu safe da rana da dare tun muna 'yan mata. Sai da muka yi furfura aka zo da farar mota aka ce mu daina ci, wai akwai guba a ciki mai suna kadmiyam, mu koma noman rake. Ihu bayan hari. Gubar ƙoda take fara ci, ƙodar ta riƙa zubar da abin da ke riƙe ƙashi cikin fitsari, har ƙashi ya zama kamar gorar da gara ta shiga: waje lafiya lau, ciki gari. Fongkham ta yi atishawa, haƙarƙari ya karye. Ta juya a shimfiɗa, ƙugu ya tsage. A shekarun ƙarshe ko jikokinta ba a bari su rungume ta.

Da surutu ya yi yawa, aka kafa kwamitin likitoci a birnin lardi, su tantance wanda ruwa ya nakasa da wanda shekaru suka nakasa. Na ruwa kamfani ya ɗauki nauyinsa, na shekaru ya je ya nemi 'ya'yansa. Suka ɗora Fongkham a kan wani gado mai inji, suka duba hoton ƙashinta, suka ce zaizayar ƙashi ce irin ta kowace tsohuwa: jini ya ɗauke mata tuntuni, ta haifi shida ta shayar da shida, ba ta shan madara. Wato 'ya'yanta ne suka tsotse ta. Ban ce babu irin wannan cutar ba. Akwai ta, ko a garin da ba a taɓa huda dutse ba tsofaffi suna karyewa. Amma uwar su Fongkham tara ta haifa, ba ta taɓa sa madarar gwangwani a baki ba, kuma da damin itace a baya ta shigo gari a makon da za ta mutu. Ita ta ci shinkafarta kafin a huda dutse.

Ranar da aka dawo da Fongkham daga wajen kwamiti, kwance a bayan akori-kura a kan katifa uku, ta kama hannun ƙanwarta ta ce, “Kiang, wai tsufa ne. Shekara biyu kawai na ba ki. Ki shirya, tsufa yana nan tafe.” Ta so ta yi dariya, ta tuna abin da dariya take yi wa haƙarƙarinta, ta haɗiye.

Akwai wata likita, Orasa, da take zuwa daga wata jami'a tana bin gida-gida da 'yan kwalabe tana karɓar fitsarinmu, har muka sa mata Likitar Fitsari, kuma ta amsa. Ita ta gaya wa Buakiang gaskiya ba kwana-kwana. Kwamiti yana iya musa fitsari, yana iya musa hoto, amma ƙodar mamaci da ɗan guntun ƙashin ƙugu kamar kan babban yatsa, in aka yanka aka duba, da wuya ya musa. Sai dai kafin a sa wa gawa wuta, don mu ƙona mamatanmu muke yi, kuma sai babban ɗa ya yarda.

Babban ɗan shi ne Bunpan, mai tuƙa wa kamfanin tifa.

Aka ajiye gawa a sama cikin akwatin sanyi, 'yan zaman makoki suka cika ƙarƙashin gida, don gidajenmu a kan dogayen turaku ake gina su. Mata suna daka barkono da kifi, maza sun baje karta kamar yadda aka saba, don kada gidan mutuwa ya yi shiru. Buakiang ta sauko tsani da baya, taki ɗaya ta huta, har ta dira.

“Pan, ajiye butar nan ka zo.”

“Inna, ruwa nake raba wa baƙi.”

“Na ina? In na rafi ne ka rage wa ogan naka, ka kai masa tsaraba.”

'Yan karta suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Ɗaya ya ce, “Inna Kiang ta fara, kowa ya kife katinsa.”

Ta ja shi bayan turken gida ta faɗa masa abin da likita ta ce. Ya saurara har ƙarshe yana kallon yatsun ƙafarsa.

“Inna, akwai sauran inda bai karye ba a jikin matar nan? Yanzu da ta samu ta huta kuma a zo mata da wuƙa? Wanda aka ƙona da giɓi a jiki, da giɓi ake sake haihuwarsa. Ke kika gaya mini ina yaro.”

“Na kuma gaya maka in ka haɗiye 'ya'yan kankana za ta yi yaɗo a cikinka. Ta yi?”

“Wannan daban.”

“Tifarka kake ji wa tsoro. Faɗi gaskiya, ba na cizo, haƙorana sun zube.”

Ya ɗago ya dube ta. “Tifar nan ita ta sayi maganinta, Inna. Ita ta sayi katifun da take kwanciya a kai. Ita ke kai jikokinta makaranta. In sunana ya fito a maganar nan, ke za ki ciyar da su? Da rake?”

Buakiang, wadda ba a taɓa rufe wa baki ba tun tana goye, wannan karon sandarta kawai ta dafa. Ta yi tsaki ta wuce. Abin da ya fi cin ta shi ne, maganar giɓin nan ita ma ba ta da tabbacin ƙarya ce.

Da rana ta take, kowa ya nemi inuwa ya miƙe, ta tsallaka lungu zuwa gidanta. Ita kaɗai take zaune, mijinta ya daɗe da mutuwa kuma ba ta taɓa haihuwa ba. A bayan gidan akwai tsohon rumbun iyayensu, wanda ba a zuba masa ko ƙwaya ba tun da aka hana cin shinkafar. Tana zuwa kusa ta ji ƙas. Ta tsaya. Ƙas, ƙas, kamar wani yana kakkarya ƙirare zai hura wuta.

A kan matakin rumbu Fongkham take zaune, 'yar mitsitsiya, ƙafafunta suna lilo ba su kai ƙasa ba. Faifai ne a cinyarta, babu komai a kai, amma tana tsintar tsakuwa a ciki kamar da can. Duk sa'ad da ta lanƙwasa yatsa sai ya ce ƙas. Ba ta juyo ba, ƙeyarta kawai ake gani da ɗan tukkun furfura.

“Yaya,” in ji Buakiang. “Kina sama a akwati. Me kike yi a nan?”

“Kiang, wai tsufa ne.”

“Na sani. Ɗanki ne ya ƙi. Ki je ki zauna masa a tifa mana, ni me na yi?”

“Wai tsufa ne,” in ji ƙeyar, ta ci gaba da tsinta.

Kaji suna tono a gindin rumbun ba abin da ya dame su. Buakiang ta juya ta hau gida ta ja ƙofa. Ko a ciki tana jin ƙas ɗin, sai da inuwa ta karkata ya ɗauke. Haka ta yi ta samun ta kullum da tsakar rana har aka gama zaman makoki. Ba ta gaya wa kowa ba. Wa za ta gaya wa, a ce tsufa ne?

Ranar ƙonawa Likita Orasa ta zo da sassafe, ta tsayar da motarta a bakin hanya, da akwatin ƙanƙara a kujerar baya. Ba ta shiga gida ba, ta san iyakarta. Bunpan ya fito cikin baƙaƙen kaya, ya haɗa tafukan hannu ya sunkuyar da kai, ya gode mata da doguwar tafiyar da ta yi, ya ce ta shigo ta ci abinci. Maganar yanka kuwa ko da wasa bai taɓo ta ba.

“Gaya mata da bakinka,” in ji Buakiang. “Ka ce na ƙi.”

“Inna, mutane suna kallo.”

“Su kalla. Idonsu kaɗai ruwan ya bar musu.”

Aka ɗora akwatin a kan keken gawa ƙarƙashin rumfar takarda mai ado, sufaye, malaman haikalinmu, suka wuce gaba cikin mayafansu ruwan goro, gari ya kama doguwar igiya aka ja zuwa maƙona, wurin ƙona gawa da ke bakin daji. Buakiang ta riƙe gefen keken da hannu biyu tana turjewa, keken ya tafi da ita kamar kaza ta kama wutsiyar ɓauna. A maƙona, Kawu Inta mai ƙona gawa ya fasa kwakwa ya wanke wa Fongkham fuska da ruwanta, aka jera itace, Bunpan ya sa wuta.

Wanda ya taɓa tsayawa a maƙona ya san wutar gawa tana da magana. Ƙashi yana fashewa, yana tartsatsi, wani lokaci har mutane su ja da baya. Wutar Fongkham shiru ta ci, kamar an cinna wa ɓuntun shinkafa. Kawu Inta ya tsaya da sandarsa ta juya itace, ya karkata kunne, ya daɗe a haka.

Buakiang ta ja jiki ta koma wajen motar likita. “In na kawo miki ƙashi gobe fa? Ko guda ɗaya, in ɓoye a zani.”

“Gubar tana bin hayaƙi, Inna. Abin da ya rage ba zai gaya mini komai ba.”

Suka tsaya su biyu suna kallon hayaƙin yana hawa.

Washegari ake tsintar ƙashi, kafin rana ta yi zafi. Mai ƙonawa yakan tattara ƙasusuwan ya jera su siffar mutum, kai yana yamma, wajen faɗuwar rana, sufi ya yi karatun mutuwa. Sannan a wargaza a sake jerawa kai yana gabas, a yi karatun haihuwa. Wanda ba a juya ba, ba ya samun hanyar komawa cikin wata uwa. Nan zai yi ta gararamba tsakanin gidaje har abin da ya fi ƙarfin lissafi.

Dangi suka taru, da babban sufin haikali, da tukunyar da za a zuba ƙashi, da furanni, da ruwan turare. Kawu Inta ya tsuguna da matsefin gora yana tona toka. Ya tona nan, ya tona can. Ya ɗago wani abu mai faɗi da ya yi kama da ƙoƙon kai, kafin ya kai shi gefe ya ruguje ya bi iska. Ya ajiye matsefin ya sa hannu. Abu ɗaya tak ya samu mai ƙwari, wani dogon ƙarfe mai kusoshi da asibiti ya taɓa sa mata a ƙugu, ya yi baƙi ƙirin.

“Kawu, ina sauran?” in ji Bunpan.

“Nemi da kanka, ɗana. Hannuna ya yi nauyi.”

Bunpan ya durƙusa. Ya ga wani dunƙule kamar kan gwiwa, ya ɗauka da yatsu biyu a hankali, kamar mai ɗaukar ƙwai. Ya narke a hannunsa. Ya sake ɗaukar wani, shi ma haka. Ya tsaya yana kallon tafinsa, fari fat da uwarsa.

Da babu abin jerawa, Kawu Inta ya tara tokar da gefen hannu ya zana mutum a ciki da yatsa, yadda yara suke yi a yashi: ga kai a yamma, ga hannuwa, ga ƙafafu, ya ajiye ƙarfen a wajen ƙugu. Sufi ya ɗora farin ƙyalle ya yi karatun mutuwa, ya janye. Kawu Inta ya sunkuya zai wargaza.

Sandar Buakiang ta sauka a gicciye a kan tokar. Kafin a ankara ta saki jiki ta zauna daɓas a ƙasa, a daidai kan zanen, ta baza zaninta a kansa kamar kaza a kan ƙwai.

“Ba mai juya ta.”

Wata daga cikin 'ya'yan Fongkham ta fara kuka.

“Uwa,” in ji babban sufi a hankali, “rana tana ɗagawa. 'Yar'uwarki tana bakin ƙofa.”

Ta haɗa hannu ta sunkuya masa iya abin da bayanta ya yarda. “Ranka ya daɗe, na sani. Ni na tsayar da ita. Zunubin a rubuta a kaina, ba a kan kowa ba.”

“Inna, don girman iyayenki,” in ji Bunpan. “An riga an ƙona. Me kuma kike so? In haɗa ta da yawu?”

“Tata ta wuce, ka ƙone mata shaidarta. Saura tawa.” Ta buga ƙirjinta da yatsa, a hankali, don ta san abin da bugu yake yi. “Ruwa ɗaya muka sha, tukunya ɗaya muka ci. Likitar Fitsari ta ce kwalbata ta fi ta uwarka muni. Ni kuwa ban haihu ba. Ko ɗan kyanwa ban shayar ba. In ga bakin da zai ce 'ya'ya ne suka tsotse ni. Ranar da na mutu kai za a tambaya, don ba ni da kowa sai kai. Ka rantse a nan, a gaban sufi da tokar uwarka, ba za a matso da ashana kusa da ni ba sai likita ta yanki abin da take so.”

“Da giɓi za a sake haihuwarki, Inna.”

“A haife ni da ƙoda ɗaya. Biyun da aka ba ni me suka tsinana mini?”

“Za su kore ni.”

“Suna iyawa. Ban ce maka ba za su kore ka ba.”

Rana ta hau kan bishiyoyi, inuwar mutane ta fara gajarcewa. Ba wanda ya isa ya ɗaga ta, kowa ya san in aka ja hannun nan yana iya biyo mai ja. Buakiang tana zaune tana jin ɗumin tokar yana ratsa zaninta. Ta san abin da take yi. 'Yar'uwarta da suka tashi tare, wadda ta shekara da shekaru tana jiran hutu, ita ta tare wa hanya kamar ɗan fashi. A zuci take cewa, yi haƙuri Yaya, ɗan ƙara jira kaɗan, ke ce mai haƙuri a gidanmu.

Sai ga ƙas daga ƙarƙashin zaninta.

Wannan karon ba ita kaɗai ta ji ba. Matan da ke gaba suka ja da baya suna tattaka juna. Kawu Inta ya ce garwashi ne yake hucewa, amma ya faɗa yana kallon wani wajen. Ƙas. Ƙas. Bunpan ya dubi zanin, ya dubi farin tafinsa da bai goge ba har yanzu.

Ya juya ya fuskanci sufi, ya kai goshi ƙasa sau uku. Ya yi magana, ba a ji ba.

“Ɗaga murya. Uwarka ba ta ji sosai tun tana da kunne.”

“Na rantse,” in ji Bunpan. “Ranar da Inna Kiang ta mutu, likita za ta yanka kafin wuta. Ni zan kira ta da kaina.”

“Ko an ba ka sabuwar tifa.”

“Ko an ba ni goma.”

“Kun ji,” ta ce da jama'a, tana bin su da ido ɗaya bayan ɗaya. “Wanda ya riga ni mutuwa na yafe masa. Sauran ku shaidu ne.”

Ta janye sandarta, ta ja gindi ta matsa gefe. Kawu Inta ya share zanen da tafin hannu, ya sake tara tokar, ya zana kai a gabas. Buakiang da kanta ta ɗauki ƙarfen ta mayar a ƙugu. Sufi ya yi karatun haihuwa, aka watsa furanni, aka yayyafa ruwan turare. Da aka zo zubawa, tukunyar ta yi wa Fongkham yawa, ko wuyan hannu tokar ba ta rufe ba.

Mutane suka fara watsewa. Buakiang ta dafa sanda za ta tashi, wani abu a tsakiyar bayanta ya amsa, zafi ya tsarga mata har tafin ƙafa. Tun sa'ad da ta zauna daɓas ɗin nan ƙashin ya tsage, fushi ne ya hana ta ji. Ta koma ta zauna, gumi ya keto mata.

“Pan.”

Ya miƙa wa ƙanwarsa tukunyar ya zo ya tsuguna. Ya kai hannu wajen hammatarta ya janye, ya kai wajen ƙugu ya janye, ya rasa inda zai kama.

“Juya ka ba ni baya, sakarai, ni zan hau.”

Ta rarrafa ta kwanta a bayansa, ta sarƙe hannuwa a wuyansa. Ya miƙe kaɗan-kaɗan, yana riƙe numfashi. Ba ta fi buhun ɓuntu nauyi ba. Ya kama hanyar gari yana taka ƙasa kamar mai tafiya a kan ƙaya, tana jin kafaɗunsa suna girgiza.

“Daina kukan nan, kana jijjiga ni,” in ji ta a kunnensa. “Ka kuma kauce wa ramuka. Kayan likita ka ɗauko, kada ka fasa mata tun ba ta zo karɓa ba.”